Santsin Yatsun Mama

Litinin, 3 ga wata, 6:15 na safe

Ɗauko fasfo ɗin Mama daga ƙasan akwati, a duba ranar ƙarewarsa.

Litinin, 1:40 na rana, a shago

Saura shekara biyu ya ƙare. Na duba sau biyu.

Wasiƙar kamfani ta iso, na buga kwafi uku. Bari in rubuta abin da ke cikinta yadda yake, don kada kaina ya ƙara ko ya rage. Ƙanena Auta yana asibiti a tsibirin tun ranar 26 ga watan jiya. An ciro shi daga ruwa a tashar jiragen kamun kifi, bayan masana'antar gwangwanin kifi inda yake aiki. Sun ce santsi ne ya kwashe shi. Jikinsa babu rauni, amma likita ya ce ba za a sa shi a jirgi shi kaɗai ba, sai wani na jini ya je ya sa hannu ya taho da shi. Kamfani zai sayi tikitin mutum ɗaya. Takardar zamansa za ta ƙare ranar Juma'a, 28 ga wata. In babu wanda ya je kafin nan, ma'aikatan shige da fice za su ɗauke shi daga gadon asibiti su kai shi inda suke tsare waɗanda takardunsu suka mutu.

Sunan Mama ne a wasiƙar. An tambaye shi wa zai zo, ya ce Mama.

Shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane takardu a shagon Oga. Ni na cika fom ɗin Auta shekara uku da suka wuce, ko ɗigo ban kuskure ba. Wannan ma zan cika shi.

Ana buƙatar fasfo, hoto biyu mai farin baya, katin rigakafin shawara, wasiƙar kamfani, wasiƙar likita, fom, da zanen yatsu a ofishin biza.

Talata, 4 ga wata, 5:50 na yamma

Na sami Mama tana guga a tsakar gida. Na ce mata santsi ya kwashe Auta a wurin aiki ya faɗa ruwa, amma da sauƙi, suna so ta je ta taho da shi.

Ta ajiye dutsen guga ta dube ni.

"Auta? Yaron da ko kwata zai tsallake sai ya tattare wando ya yi bismilla? Shi ne santsi?"

"Haka suka rubuta."

"To Akawu, tunda an rubuta ai shi ke nan. Takarda ba ta ƙarya a wurinki."

Akawu take ce min tun ina aji uku, in tana son tsokanata. Yau ba tsokana ba ce. Ta ci gaba da gugar, har ta bi kwalar riga ɗaya sau huɗu.

Laraba, 5 ga wata, 2:10 na rana

An yi wa Mama allura, an ba ta katin nan mai ruwan ɗorawa. Ma'aikaciyar ta ce katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma, wato ranar 15. Ya yi daidai. Ni ma an yi min, tunda na riga na sha layin awa uku.

Mai hoto ya ce wa Mama kada ta yi murmushi. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka na zo da shi?"

Alhamis, 6 ga wata, 11:00 na safe

Fom ɗin banza. Dalilin tafiya, zaɓi ɗaya: yawon buɗe ido, kasuwanci, taro, hutun amarci, ziyara. Ƙasa kuma: wane otal za ka sauka, waɗanne wuraren shaƙatawa kake son gani. Na cika wa mutane wannan fom ya fi sau ɗari, ban taɓa lura cewa wanda ya tsara shi bai taɓa samun mummunan labari ba a rayuwarsa. Na zaɓi ziyara. A wurin otal na sa sunan asibiti.

Ranar da ta fi kusa ita ce Litinin 10. Biza kwana biyar ce ta aiki, za ta fito 17. Akwai rarar kwana goma sha ɗaya. Na ƙirga a kalanda, na sake ƙirgawa da yatsu.

Asabar, 8 ga wata, 4:00 na yamma

Abokin ɗakin Auta ya kira sau biyu. Ina da mutane a gabana.

Litinin, 10 ga wata, 3:25 na yamma



Mun isa bakwai saura, lamba ta tara muka samu. Tsibirin ba shi da ofishin jakadanci a nan, wani ofis ne a hawa na biyu yake karɓar musu takardu. Kujeru a jere, sanyin na'ura kamar a ajiye gawa, bango guda kuma hoto ne daga sama har ƙasa: ruwa shuɗi, farin yashi, bishiyar kwakwa ta sunkuya, wasu mutum biyu suna dariya da haƙora talatin da biyu. An rubuta ku zo ku huta. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ne ruwan?" Na ce ban sani ba.

Taga ta uku aka kira mu. Yarinyar da ke wurin ba za ta wuce ashirin da biyar ba, da farcenta ja. Ta duba takardu ɗaya bayan ɗaya ta ce komai ya cika, ba kasafai take ganin fayil mai tsabta haka ba. Na ji daɗi, Allah ya yafe min, har na gyara zama.

Sai ta turo injin. Ɗan akwati ne mai gilas a sama. Mama ta ɗora yatsu huɗu, muka zuba wa fitilar injin ido. Ja. Ta goge a zani ta sake. Ja. Hagu, ja. Manya biyu, ja. Yarinyar ta fesa wani ruwa a gilas, ta ce Mama ta shafa goshinta ta samo maiƙo, ta danna da ƙarfi, ta danna a hankali, ta mirgina. Sau goma sha huɗu, ina ƙirgawa.

"Mama, wane aiki kike yi?"

"Wanki da guga, 'yata. Shekara talatin da shida."

"Shi ya sa. Yatsunki sun yi santsi, zanen ya goge."

Na ce mata ga fasfo, ga hoto, ga matar a tsaye a gabanta tana numfashi, wane zane kuma ake nema? Na ce a ofishin fasfo ma an sha fama amma manya biyu sun fito. Ta ce wancan injin daban, wannan daban, kuma shekara uku ba kwana uku ba ne. Ta ce dokarsu zama uku ne. Yau ɗaya ya tafi. In na uku ya faɗi, fayil ɗin zai rufe kansa tare da wasiƙar kamfani, a tura can su duba da hannu, kwana talatin.

Kwana talatin. Na ce ta san lissafi kuwa? Ta ce, "Anti, ba ni na ƙera shi ba." Mai gadi ya matso kusa.

A matattakala Mama tana juya tafin hannunta tana dariya. "Wato yanzu in na yi sata ba mai kama ni. Da na sani da wuri!"

Ni ban ga abin dariya ba. Da waɗannan yatsun aka biya min makaranta.

Talata, 11 ga wata, 7:05 na safe

Na bincika. An ce zane yana iya dawowa kaɗan in an huta da sabulu. Na rubuta wa Mama tsari na manna a ƙofar ɗakinta, ko da yake ba karantawa za ta yi ba. Babu wanki, babu wanke-wanke, babu guga. Man shafawa sau biyar a rana. Safar hannu in za ta taɓa ruwa, ban da alwala. Na kwashe kayan mutanenta ƙunshi shida na kai wa mai wankin bakin titi.

Ta ce, "Shi wannan da yake mayar da farar riga ruwan toka? Ki kashe min kasuwa ki huta."

Na ce kwana uku ne kawai, zama na biyu Juma'a.

Laraba, 12 ga wata, 1:00 na rana

Na kira matar kamfani. Ita ce ta sa hannu a wasiƙar. Auta yana cin abinci? Kaɗan. Yana magana? Ba sosai ba. Ta ce kada in damu, asibitin yana kallon teku, wurin yana da kyau ƙwarai. Na ce a matsar da shi daga taga. Ta ce ai an riga an matsar.

Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Alhamis, 13 ga wata, 6:20 na yamma

Na biya gidan Mama da rana ba ta san zan zo ba. Tun daga ƙofa na ji ƙarar cuɗa.

Tana durƙushe a bakin famfo, kumfa har gwiwar hannu, safar hannun a rataye a kan igiya an maƙale su kamar su aka wanke. Kayan Auta ne. Tsofaffin rigunansa da ya bari, har da shuɗiyar rigar aikin walda. Kayan da suke a wanke, a goge, a ninke tun shekara uku.

Na yi mata ihu. Ban taɓa ɗaga wa Mama murya ba sai yau. Na ce so take a kai shi kurkuku? Na ce ni ina can ina lissafin kwanaki kamar mahaukaciya, ita tana nan tana goge ɗan abin da ya rage? Na fizge bokitin, ruwa ya zube a ƙafafunmu.

Ko tashi ba ta yi ba.

"In ya dawo me zai sa? Sun yi warin akwati."

"Zai dawo ne in ba ki je ba?"

"Ke Akawu, hannun nan in bai yi aiki ba kaina ne yake yi. Zaɓi ɗaya."

Na tattara sabulu, garin sabulu, har guntayen da take tarawa a gwangwani, na zuba a jakata. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce lafiya? Na ce ta mayar da kanta inda ta ciro shi.

Yanzu jakata tana ƙamshi, fayil ɗin ma ya ɗauka. Mace mai shekara arba'in da ɗaya ta yi wa uwarta fashin sabulu. Watakila na yi daidai. Ban sani ba. Na yi daidai.

Juma'a, 14 ga wata, 12:45 na rana

Zama na biyu. Ja. Ƙaramin yatsan hagu ya ba da ruwan ɗorawa sau ɗaya ya koma. Saura zama ɗaya, Laraba 19.

Juma'a, 5:00 na yamma

19 da kwana biyar na aiki, 26. Rarar kwana biyu. Na ƙirga sau uku, amsa ɗaya.

Asabar, 15 ga wata, 10:30 na safe

Abokin ɗakin Auta ya sake kira, wannan karon na ɗauka. Mutum ne mai ladabi, Anti yake ce min. Ya ce kullum bayan aiki yana zuwa asibiti ya zauna da shi. Ya ce, "Anti, akwai abin da kamfani bai rubuta ba, ni ne na fara isa wurin..."

Na ce layin ba kyau, ba na jin sa. Na kashe.

Layin ƙalau yake.

Lahadi, 16 ga wata, 4:40 na yamma

Ina zaune da kalanda da jan biro, Baban yara yana gyaran fanka a ƙasa. Bai ɗago kai ba ya ce:

"Wai ranar da Auta zai tafi, fasfo nawa kika sa aka yi?"

"Me ya kawo wannan maganar?"

"Tambaya ce. Na tuna kin ce a yi na Mama don wata rana ta je ta gan shi. Nasa, nata... biyu ke nan ko?"

Na ce ya kula da fankarsa, tun bara yake gyaranta.

"Uku ne, Madam. Na ukun yana ƙarƙashin takardun haihuwar yara. Jiya na ga katin allura a cikinsa, sabo fil."

Na ce sunan Mama ne a wasiƙa. Na ce yaron da bakinsa ya ce Mama, ba a tambaye shi sau biyu ba. Na ce canza suna aiki ne, sai an sake wasiƙa, sai an sake fom, mutane suna ganin takarda wasa ce saboda ba su ne suke cikawa ba. Na ce wa zai riƙe shago, wa zai kai yara makaranta, shi da ko shayi ba ya iya haɗawa sai ya tambayi inda cokali yake?

Ya bari na gama. Ya ce, "Ni dai fasfo na tambaya."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba sai an nuna masa da sukundireba ba.

Litinin, 17 ga wata, 2:30 na rana

Da injin ya karɓi yatsun, da yau bizar ta fito.

Wasu ango da amarya suka zo a cika musu fom. Tsibirin dai. Tana nuna masa hoton otal a waya, ɗaki a kan ruwa, ƙasan gilas ne kana kwance kana kallon kifi. Ta ce, "Anti, kin taɓa zuwa? An ce aljannar duniya ce." Na ce ban taɓa ba. Ya ce an ce ruwan ko yaro ba ya nutsewa a ciki don kwanciyarsa.

Na buga, na ba su su duba. Angon ya ce, "Anti, kin sa an haife ni ranar 26 ga watan jiya."

Oga ya zo ya tsaya a kaina. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa irin wannan kuskure ba. Ya ce in tafi gida in huta. Na ce ba hutu nake buƙata ba, firinta nake buƙata da ba ta cin takarda, na ja tiren da ƙarfi har ya fito gaba ɗaya a hannuna. Amarya ta ɓuya a bayan angonta.

Na ba su haƙuri. Ba laifinsu ba ne. Laifin wa ne to? Injin. Injin da wanda ya ƙera shi da wanda ya saye shi da wanda ya ce sai uwa ta nuna zane kafin a yarda uwa ce.

Talata, 18 ga wata, 6:40 na safe

Na shafa wa Mama mai da kaina jiya, yatsa bayan yatsa. Na kai hannunta taga na duba da gilashina. Sumul, kamar bayan cokali. Fatar kuma ta yi fari-fari a gefen farce. Ban tambaye ta ba. Maƙwabciya tana da sabulu.

Talata, 1:15 na rana

Wata biyar ke nan rabon da Auta ya kira ni. Ranar ina da mutane a layi, firinta ta maƙale. Ya ce ba ya barci. Ya ce warin kifi ya ƙi fita daga hancinsa ko ya yi wanka sau nawa. Ya ce yana so ya dawo, saura wata takwas kwantiragin amma ba zai iya ba.

Na ce masa...

Makaranta bai gama ba. Walda bai gama ba. Wannan gaskiya ne, ba ni na ƙirƙira ba. Kowa ya sani. Ni na nemo aikin, ni na cika fom, ni na tsaya masa. Wani ya kamata ya gaya masa gaskiya, kuma kullum ni ce wanin.

Na ce in ya dawo bai gama ba, kada ya sauka a gidana.

Ina da mutane a layi.

Laraba, 19 ga wata, 5:10 na yamma

Zan rubuta a jere.

Mun isa da wuri. Lamba ta huɗu. Taga ta uku dai. Yarinyar ta gaishe da Mama, ta ce ta nuna mata hannun tukuna kafin a taɓa injin. Ta juya shi, ta duba, ta rage murya.

"Anti, gaskiya ba zai fito ba. In na buɗe zaman nan ya faɗi, wasiƙarku ta maƙale kwana talatin, ko sunan wani kuka kawo ba zan iya sa shi ba. Muddin ban buɗe ba, ana iya canza suna. Babu wani a gida mai fasfo?"

Na ce mu gwada. Na ce ƙaramin yatsa ya ba da ruwan ɗorawa ranar Juma'a, kwana biyar kuma ana shafa mai. Na ce ta buɗe.

Ta ce, "Kin tabbata?"

Mama ta naɗe hannuwanta cikin mayafi ta rungume.

"Ba zan sa ba."

"Mama, mutane suna jira."

"Su jira. 'Yata, madubin nan naki a kunne yake?"

Yarinyar ta ce yana kan gwaji, ba ta buɗe fayil ba tukuna. Kafin in ankara Mama ta cafke wuyan hannuna. Ban san tana da wannan ƙarfin ba, ko da yake mai matse bargo shekara talatin da shida ai dole. Ta danna yatsuna a kan gilas.

Kore. Duka huɗun. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba.

"Kin gani? Wannan ba ta taɓa ruwa sai na shayi."

Wani a layi ya yi dariya. Yarinyar ta ce, "Mama, ba a yin haka fa," amma ita ma tana danne dariya. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na kwashi fayil na fita, ban tsaya ba sai ƙasa.

A bakin titi ta same ni, tana saukowa a hankali tana dafa bango. Na ce ta wulaƙanta ni. Na ce da gangan ta dinga wankin. Na ce ita ya kira, ita, ba ni ba, an tambaye shi ya ce Mama.

"To wa zai kira? Yaro in ya faɗi uwarsa yake kira, amma wanda ke da ƙafa shi ke zuwa ya ɗaga shi. Ni da ban iya karanta lambar mota ba, za ki tura ni in sauya jirgi a ƙasar da ba na jin yarensu? Sai a wayi gari ana neman mu mu biyu."

"Ba ya son ganina."

"Ya gaya miki?"

Na hau duba jakata.

"Ruwa ba ya tsami banza, Akawu. Wata biyar yana kirana duk Juma'a, in na ce ga Yayarka sai ya ce katinsa ya ƙare. Ke kuma in na ambace shi sai ki hau duba jaka. Ban san me kika gaya masa ba, ba na kuma son sani. Bakin da ya faɗa shi zai je ya kwashe. Kwana goma kina shafa min mai kamar kazar da za a gasa, duk don kada ki ɗora naki hannun."

Na ce ba gaskiya ba ne. Na faɗa da ƙarfi har mai sayar da katin waya ya juyo.

Ta ce, "To. Ba ni sabuluna."

Yana jakata tun ranar Alhamis. Na ba ta a nan bakin titi, har gwangwanin.

Laraba, 6:30 na yamma

Na kira matar kamfani. Ta ce za su iya sake wasiƙa, amma sai an tambaye shi. Ta sake kira bayan awa ɗaya. Na ce me ya ce? Ta ce bai ce a'a ba. Na ce ya ce e? Ta ce bai ce a'a ba.

Alhamis, 20 ga wata, 12:20 na rana

Wasiƙa ta iso tara da rabi da sunana. Na cika fom ɗina a minti shida, na duba sau huɗu. Yarinyar taga ta uku ta sa ni a gurbin wani da bai zo ba. Kore. Ta ce Allah ya ba shi lafiya. Na so in ba ta haƙuri kan abin da na faɗa mata ranar farko, sai na ji kaina ina tambayarta ko rasit ɗin yana da kwafi.

Kwana biyar na aiki: 21, 24, 25, 26, 27. Jirgi Alhamis 27 da yamma, a sauya a hanya, a sauka Juma'a 28 ƙarfe tara na safe. Ofishin shige da fice na can yana rufewa ƙarfe huɗu. Rarar awa bakwai, in biza ba ta yi latti ba, in jirgi bai yi latti ba.

Da ranar 10 na ɗora hannuna, da tun 17 ina can. Na rubuta wannan don in gan shi a rubuce.

Alhamis, 5:45 na yamma

Na kira abokin ɗakin Auta daga shago. Na ce ranar nan layin ƙalau yake, ni ce. Na ce ya faɗa, ina ji.

Ya faɗa. Ya gaya min ƙarfe nawa ne, da yadda ya farka ya ga gadon Auta babu kowa. Ya gaya min inda ya sami takalman, a bakin dakalin tashar, a jere, da waya a cikin na dama, da katin aiki a cikin na hagu. Sauran ba zan rubuta ba.

Yana asibitin a lokacin. Ya ce bari ya sa wa Auta wayar a kunne.

Numfashi kawai nake ji. Na ce Auta, ni ce. Na ce yatsun Mama sun ƙi fitowa a injin, ni zan zo, ranar Juma'a ta sama da safe. Na gaya masa lambar jirgi. Na gaya masa inda za a sauya. Ina ta zuba masa lambobi kamar shi ne zai tuƙa.

Can ya ce, a hankali, da wata murya kamar ta tsoho:

"Yaya, ban gama kwantiragin ba."

Na ce kwantiragin ya ci ubansa.

Da ƙarfi na faɗa. Oga ya saki biro, wata hajiya da ke jiran kwafi ta ce subhanallahi. Na ce ya ji ni? Na ce ya ci ubansa, shi da kifin da gwangwanin. Na ce ɗakin baƙi yana nan, gidana zai sauka.

 Bai ture wayar ba, abokin ya ce riƙe ta ya yi da kansa har katin ya ƙare.

Gobe:

1. Aika wa kamfani kwafin rasit, a tabbatar da tikitin 27. A rubuce, ba ta waya ba.
2. Tambayi likita ko akwai maganin da zan riƙe a jirgi, da takardarsa.
3. A nema mana kujeru biyu a jere a dawowa, shi a ciki, ni a bakin hanya.
4. Gaya wa Oga kwana biyar. A biya tiren firinta.
5. Nuna wa Baban yara inda cokula suke.
6. Kwashe kwalayen da ke ɗakin baƙi. A cire sakatar ciki.
7. Abin da zan fara ce masa in na shiga. Ba lambobi ba.
8. Mama: abin da abokin ya faɗa. Ko in bari sai mun dawo. Ko ta riga ta sani.